Kalmar da Masunci Ba Ya Faɗa

Ƙauyenmu na bakin teku
6 ga Oktoba

Zuwa ga 'yata Tokiko,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Sanyi ya fara leƙo mu, ganyen kan dutse ya yi ja. Ni lafiyata ƙalau. In Goggonki Kinu ta ce miki wani abu kada ki kula ta, kin san halin ƙanwar nan tawa, tari ɗaya mutum zai yi ta fara auna masa akwatin gawa.

Kada ki yi dariyar rubutun nan. Hannu ya fara rawa, manyan haruffan nan masu rassa, da kowanne kalma ce guda, sun gagare ni, shi ya sa na koma haruffan 'yan aji ɗaya. Waya kuwa kin san tsakanina da ita, in aka kara mini a kunne sai in ji kamar ƙuda a cikin gwangwani.

Maganar Mai Tabo ce ta sa na ɗauki alƙalami. Shekarar da na bar kamun kifi, hukumar ƙauye ta ba ni aikin bin mutanen dutse ina korar su daga gonaki, ita jaririya ce maƙale a jikin uwarta. Yau shekara ashirin da shida ke nan. Jiya na zauna ina kallon ayarinsu suna tsintar ƙwallayen itace. Kowa sai cusawa yake a kumatu, fuska ta kumbura kamar mai ciwon hangum. Ita kuwa ta ɗauki guda ɗaya, ta kai ta dama, ta mayar hagu, ta daɗe tana juya ta, daga ƙarshe ta tofar. Da ta yi hamma na ga bakin. Turamen nan duk sun lashe, sumul kamar duwatsun da ruwa ya gama wasa da su.

To ke da kike kwana kina tashi kina auna ƙasusuwansu a can kudu, ki faɗa mini. In abinci ya daina shiga, kwana nawa ya rage wa mai rai? Gaskiya nake so tsirara, ba irin ta likitoci ba da suke magana suna kallon takalminsu.

Na kunna wa marigayiya mahaifiyarki turare yau da safe, na ce mata zan rubuta miki. Bana shekara biyu rabonki da gida. Yaushe za a gan ki?

Mahaifinki,
Genzo

*

Cibiyar bincike, kudu
17 ga Oktoba

Baba,

Wasiƙarka ta iso, na ji daɗi da kana lafiya. Nan har yanzu da riga ɗaya muke yawo. Ka gaida Goggo Kinu, ka ce mata busasshen kifin ya zo, abokan aikina sun yi masa rubdugu, ko kai ba su bar mini ba.

Ka ce kar in yi dariya, amma na yi, ka yafe ni. Kai ne fa ka taɓa sa ni sake harafi ɗaya sau hamsin ina kuka!

Gaskiya ka nema, ga ta. Birin arewa da haƙori yake cin hunturu. Gashin nan mai kauri da guntuwar wutsiyar da sanyi ba ya samun abin kamawa, duk kariya ce daga waje. Amma da kaka sai ya fasa ƙwallaye ya tara kitse, in ƙanƙara ta rufe ƙasa kuma ba abin da ya rage sai ɓawon itace da toho. Ɓawo sai an ɓare shi da haƙoran gaba, a niƙa da turame. Aljihun kumatun da kake gani rumbu ne kawai, a cusa da sauri a gudu a ci a ɓoye, ba ya niƙa komai. Don haka in abinci ya daina shiga, hunturu ɗaya ne, Baba. Da wuya a ga na biyu.

Na san zuciyarka, shi ya sa nake ja maka kunne: kada ka ba ta abinci. Kai ka koya mini cewa wanda ya ciyar da biri ɗaya ya gayyato arba'in gonar maƙwabcinsa.

Ina da roƙo kuma. In ta mutu ka same ta, ka aiko mana gawar. Muna da ƙoƙon kai sama da ɗari uku a nan, ba ko ɗaya da muka san shekarun mai shi daidai. Nata zai zama ma'auninmu.

Sannan, haba Baba, "mutanen dutse" har yaushe? Birai ne, a harshenmu sunansu saru. Sa-ru, gaɓa biyu kacal. Na san abin da za ka ce, masunci ba ya furta ta, domin ita ce kuma kalmar tafiya, tafiyar da ba a dawowa, in aka faɗe ta kifi ya watse ko jirgi ya tafi da mutanensa. Shekara ashirin da shida rabonka da jirgi! Ni sau ɗari nake faɗar ta a rana, ga ni nan daram. Ranar da ka rubuta ta da hannunka, na yi alkawari zan saya maka hular ulu.

Zuwa kuma sai hutun sabuwar shekara, in aiki ya sake ni.

'Yarka,
Tokiko

*

19 ga Nuwamba

Tokiko,

Ina gaisuwa. Ƙanƙarar fari ta sauka shekaranjiya. Jiki da sauƙi, ana lallaɓawa. Na gode da amsarki, kin faɗa mini abin da wasu suka kasa.

Goggonki ta ɗaura mini yaƙi. Kullum da hantsi sai ga ta da kwano biyu, kunun shinkafa da dafaffiyar kabewa, ta dafa ta lugub har cokali ba ya tsayawa a ciki. Da yamma ta dawo karɓar kwanonta.

"Yaya, ka cinye?"

Na ce, "Ga kwano nan kamar an wanke."

Ta ce, "Kwano ba ya ƙarya, mai kwanon ne ban yarda da shi ba. Dubi wandonka, da igiyar jirgi ka ɗaure shi. In iska ta taso sai mun sa maka dutse a aljihu."

Na ce ta je ta yi wa mijinta wannan wa'azin, shi da ƙofar shago take yi wa kaɗan. Ta tafi tana mita har bakin hanya.

Mai Tabo ta koma bayan ayari. In sun tashi sai ta ba su rata, ta bi sawunsu inda suka riga suka tattake ƙanƙara. Jiya na ga ta kama reshe da hannu biyu tana son ɓare shi. Ta ja, ta ja, ta haƙura. Da suka wuce na je na duba reshen, ɓawon yana nan, sai jinin dasashinta a jiki. Na tsaya a wurin nan kamar an dasa ni, ban san hawaye na zuba ba sai da na ji sanyinsa a gemu.

Abu ɗaya ke sanyaya mini rai. Babbar 'yarta ba ta barin ta. Da rana ta fito sai ta zo ta zauna a bayanta tana tsefe mata gashi, tana tsince ƙwayayen ƙwarƙwata da 'yan yatsun nan nasu masu kama da namu. Kin fi ni sani, a wurinsu maza ne ke barin ayari, mace inda aka haife ta nan take tsufa kusa da uwarta. Ba ƙorafi nake ba. Ni na sayar da rabona na jirgi na tura ki karatu, kuma da za a sake, sai in sake.

Na daɗe ina juya alƙalami kafin in rubuta layin nan.

Kafin ƙanƙara ta narke, saru.

Ki zo ki gani da idonki tun da sauran abin gani.

Mahaifinki

*

2 ga Disamba

Baba!

Gaisuwa mai yawa, ina fata sanyi bai matsa maka ba. Ka ci abincin Goggo mana, kai ma ka cika gardama.

Ka rubuta! Da hannunka! Na karanta layin nan a tsaye a bakin akwatin wasiƙu, na yi ihu har mai gadi ya leƙo. Shekara talatin da ɗaya ina duniya, yau na ci Genzo a musu. To teku ta ƙafe? Jirgi ya nitse? Ga hularka nan a cikin ƙunshin, mai ruwan toka, alkawari kaya ne.

Na gane kana so in zo in ga Mai Tabo da ranta, labarin reshen nan ya taɓa ni. Amma ka ji abin da ya faru. An ba ni jagorancin masu zuwa tsibirin kudu nazarin abin da biran can ke ci, daga tsakiyar watan nan har ƙarshen Janairu. Ba a taɓa ba mace ba, in na ce a'a ba za a sake tambayata ba. Can ko waya babu sai a tashar jirgin ruwa. Don haka hutun sabuwar shekara ya sha ruwa. Afrilu zan zo, in yi mako biyu cur, ka gaji da ni.

In ba ta kai ba, ai za ka aiko mini ita, zan gan ta a kan teburina. Ka rubuta sunana a akwatin, za a ajiye mini a ɗakin sanyi.

'Yarka mai nasara,
Tokiko

*

14 ga Janairu

Tokiko,

Ina gaisuwa. Hula ta iso, tana kaina yanzu haka. Ta ɗan yi mini yawa, amma tana da ɗumi.

Na sami Mai Tabo ranar Talata da safe a gindin babban itacen da ke bayan gonar wake. A zaune take, ta cusa hannaye a hammata kamar yadda suke yi in sanyi ya yi tsanani. 'Yarta tana kan reshe tana kallona, ba ta gudu ba. Kin faɗi gaskiya, hunturu ɗaya.

Ofishin ƙauye sun ba da takarda. Mun sa ta a akwatin kifi da ƙanƙara. Kinu ce ta ɗaure, igiya ta fi ƙarfina.

Ki riƙe ta a hankali. Ba ta son a taɓa mata gefen tabon.

Ki yi aikinki da kyau.

Baba

*

3 ga Fabrairu

Baba,

Ban san ko in tambayi lafiyarka ba, tsoron amsar nake ji.

Jiya na dawo daga tsibiri, na tarar da wasiƙarka da akwatin. Yau da safe na buɗe ta. Nauyinta bai kai na biri ɗan shekara uku ba. Na auna hannu, na auna ƙafa, na zo baki. Turame kamar yadda ka ce. Sai na ji aljihun kumatunta na hagu da tauri, na sa yatsa na zaro abin da ke ciki.

Kabewa ce, Baba. Dafaffiya.

Da farko raina ne ya ɓaci, na ce tsohon nan ya karya dokar da shi ya kafa. Har na fara shirya faɗan da zan yi maka. Sai na tsaya. Biri ba ya girki. Kabewar Goggo ce, wadda take dafa maka. Kwanon da kake mayarwa kamar an wanke. Wandon da igiya. Hular da ta yi yawa, alhali da ma'aunin tsohuwar hularka na saya. Nan fa biri ya yi kama da mutum.

Na bar ta a kan tebur na ruga ɗaki na zazzage wasiƙunka. A ta farko ba ka ce in haƙori ya ƙare ba, ka ce in abinci ya daina shiga. Ba ka ce biri ba, ka ce mai rai. Ni kuma na zauna na rubuta maka hunturu ɗaya, har da ja maka kunne.

Sai layin nan. Da manyan haruffa ka rubuta, da na gani, domin harafin biri daban, na tafiya daban. A haruffan yara ne suke zama abu ɗaya. Amma ba laifin haruffa ba ne. A wannan wasiƙar ma, daga sama har ƙasa, ba inda ka kira su da wannan suna. Ba ka taɓa ba, ba za ka taɓa ba. Tafiyarka kake faɗa mini. Ni 'yar masunci ce, ya kamata in sani. Na aika maka hula, wayyo, na aika maka hula!

Na buga wayar shagon Goggo sau tara, an ce ƙanƙara ta kayar da turakun waya a yankinku. Zan jefa wannan a tasha in hau jirgin ƙasa na rana. Wataƙila in riga ta isowa.

Ka jira ni. Don girman mahaifiyata ka jira ni.

Tokiko

*

28 ga Maris

Tokiko 'yata,

Goggonki Kinu ce. Ina fata kin koma lafiya, kina kuma cin abinci, don na ga wuyanki ranar nan ban ji daɗi ba. Mu nan muna nan. An yi addu'ar kwana arba'in da tara, an sa tokar gawar mahaifinki kusa da ta mahaifiyarki.

Ni ba gwanar rubutu ba ce, amma akwai abin da ya tsaya mini a wuya. Ranar da kika iso, bayan kin kwana biyu a gari motar ƙauye ta kasa wucewa, kin shigo kin tarar an riga an rufe masa fuska, na ce miki a gaban mutane, "Sannu da zuwa, likitar birai." Bakina ya yi kaifi. Ki yafe ni. Ba ke kaɗai nake jin haushi ba, har da shi, har da kaina.

Tun Satumba likita ya ce wani abu ya tsiro masa a maƙogwaro yana toshe hanya. Aka ce ya je babban birni a yanka, ya tambaya ko zai warke, likita ya kalli ƙasa. Ya ɗauki sandarsa ya ce in zo mu tafi gida.

Kabewar nan na sani. Wata rana na bi sawunsa a ƙanƙara har bayan gonar wake, na same shi a tsugune da kwanona, tsohuwar nan tana ɗiba da hannu tana cusawa a kumatu. Sai da ayari ya yi nisa yake ba ta, don kada sauran su koya.

Na ce, "Yaya! Ashe biri nake yi wa girki?"

Ko juyowa bai yi ba, ya ce, "Ki rage gishiri, ba ta so."

Na ce, "Kai fa?"

Ya ce, "Ni ina da haƙora ba hanya, ita tana da hanya ba haƙora. Ki bar abinci ya je inda zai yi amfani."

Na zazzage shi tas, na koma gida ina kuka. Washegari na rage gishirin.

Ranar da wasiƙarki ta zo da hula ina wurin. Ya karanta, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Na karɓa na karanta, na ce yanzun nan zan buga miki waya. Ya riƙe mini hannun riga.

"Kinu, shekara saba'in da huɗu kalmar nan ba ta fita daga gare ni ba. Na faɗe ta sau ɗaya. Ba zan faɗa sau biyu ba, ke ma ba za ki faɗa mata ita a madadina ba."

Na ce, "Yarinyar ba ta gane ba ne, kai ma ka sani."

Ya ce, "Na sani. An ba ta abin da ba a taɓa ba mace ba, kuma ta ci ubanta a musu. Murna biyu a wata ɗaya. Ki bar mata kayanta."

Na bi maganarsa, don tun muna yara ban iya ƙetare ta ba. Da na sani ƙeya ce, 'yata. Kullum sai na ce da na buga.

Da hantsi ya cika, ranar huɗu ga Fabrairu, da hular a kansa. Ya hana a cire ko da za a goge masa jiki. Wasiƙarki ta ƙarshe ta iso bayan kin koma. Ban buɗe ba, tana gaban hotonsa.

Ayarin sun sauko jiya, toho ya fara fitowa. An ɗauki wani sabo yana korar su da gwangwani. Ɗakinki yana nan, in Afrilun tana nan.

Goggonki,
Kinu

*

9 ga Afrilu

Goggo,

Na gaishe ki, na gaida Kawu. Ina ci, kada ki damu. Ba abin da zan yafe, abin da kika faɗa ranar nan gaskiya ne.

Ina zuwa ranar sha biyar, mako biyu, kamar yadda na ce masa. Ki bar wasiƙar a rufe. Ki koya mini dafa kabewar.

Na gama aikin Mai Tabo. Na riƙe ta a hankali, ban taɓa gefen tabon ba sai da ya zama dole. Jiya aka kawo mini ɗan katin da ake liƙa wa akwatin ƙashi, a rubuta suna da shekaru da inda aka samo. Na cike komai, sai gurbin suna. Gaɓa biyu ce, na rubuta ta ya fi sau dubu. Na zauna da alƙalami har shayina ya huce.

Shugabanmu ya zo wucewa ya ɗauki katin ya karanta: "Mutumiyar dutse, shekara ashirin da shida." Ya ce, "Tokiko, ba haka ake rubutawa ba."

Na ce, "Na sani. A gidanmu haka ake faɗa."

'Yarki,
Tokiko